Ɗaurin Buhun Albasa a Hannun Mutum

Ƙarfe tara da rabi na safe na faɗo daga tsanin rumbu. Na san lokacin ne domin agogon da aka ba ni kyauta a makaranta yana ɗaure a hannuna na hagu, kuma shi na fara dubawa ko ya fashe, kafin in lura cewa hannuna na dama ya lanƙwashe a wurin da hannu ba ya lanƙwasa. A lokacin ina da shekara goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe a makarantar kwana ta 'yan mata, na zo hutun bazara ƙauyenmu da ke can bayan Maiyama. Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ni yarinya ce marar magana, wadda idan malami ya kira sunanta sai gumi ya keto mata ko da ta san amsa. Amma a kan takarda ba na jin tsoron kowa. Rubutuna ake ɗagawa a nuna wa 'yan aji, littattafaina babu wanda ya taɓa ganin gefensu a naɗe. Saura 'yan makonni mu fara jarrabawar fita, kuma duk abin da nake taƙama da shi a duniya yana cikin wannan hannun da ya karye.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma gidanmu gida ne da ake riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ko Inna ba. Idan Baba zai aike ni, sai ya dubi bango ya ce a gaya wa waccan ta kawo ruwa, alhali ina durƙushe a gabansa. Kakata ta wajen uba ce ta yaye ni ta riƙe ni. Ita ce mai kiran sunana, ita ce mai taɓa goshina idan na yi zazzaɓi, ita ce kuma ta kafe sai da aka kai ni makaranta. Ta rasu da daminar da ta gabata. Daga ranar da aka binne ta, babu sauran mutum a gidan da al'ada ta yarje masa ya damu da ni a fili. Ban ga laifin wannan tsari ba a da. Na ɗauka haka duniya take ko'ina.

Da na faɗo, matan gida suka taru suna salati. Inna ta leƙo daga madafa, ta ga ni ce, sai ta koma ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da dakanta. Har yau idan na ji ana daka da ƙarfi fiye da kima, wannan safiyar nake tunawa. Aka kira Baba daga wajen rumfar albasa, ya zo tare da yayansa, wato Baffa. Baffa mutum ne mai barkwanci, amma irin barkwancin da ƙauye duka ke tsoro, domin duk wanda ya laƙaba wa suna da shi zai shiga kabari. Shi ya duba hannun, ya ce karaya ce, sai Aliero wurin masu ɗori, kuma yana da sani a can. A kan wannan shawara ba ni da ƙorafi har gobe. Ƙorafina yana kan abin da ya biyo baya. Aka fere kara aka jera a hannun, aka naɗe da tsumma, sai Baffa ya ce tsumma ba zai riƙe ba a wannan hanya tamu mai gargada, ƙashin zai yi ta motsi. Baba ya juya ya kwanto roba daga kariyar kekensa, irin wadda ake yanka daga tsohon tif ana ɗaure kaya.

Duk wanda ya san Baba ya san shi da ɗauri. Manomin albasa ne, kuma ana ba da labarin cewa buhu bai taɓa zame masa daga keke ba, komai tudu komai gangara. Da wannan gwaninta ya ɗaure hannuna. Baffa ya riƙe, shi kuma ya ja robar har ta yi siriri, ya kewaya, ya sake ja, ya kewaya, daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, sa'an nan ya cusa bakinta ta ƙarƙashi yadda ba za ta kwance ba. Duk wannan aikin fuskarsa tana kallon katanga. Bai dube ni ba, bai dubi hannun ba. Yatsunsa ne kawai suka yi aikin da suka saba yi wa buhu.

A ƙa'ida Baffa ne ya kamata ya ɗauke ni, amma kariyar kekensa ta karye tun kaka bai gyara ba. Dole Baba ya goya ni, Baffa ya biyo mu a nasa. Tun kafin mu fita gari ya fara. Ya gaya wa mutanen da ke zaune a gindin bedi su fito su ga abin mamaki, yau ga wane ya goya ɗiyar fari da rana tsaka, gobe kuma sai a gan shi yana yi mata kitso. Aka yi dariya. Na ga bayan wuyan Baba ya sandare, ya ƙara taka feda.

Wanda bai taɓa yin doguwar tafiya a bayan keke ba, ba zai gane abin da nake nufi ba, balle da karyayyen hannu. Daga ƙauyenmu zuwa bakin kwalta hanya ce ta rairayi da tuddan marmara. A rairayi taya takan nutse, keken ya yi ta rawa, sai mu sauka. A tudu ma sai mu sauka, Baba ya tura keke, ni in bi shi a ƙasa ina tallafe da hannuna, tsakuwa tana zame mini a ƙarƙashin silifa. A gangara kuwa burkin keken ba ya kamawa sosai, sai Baba ya sauke ƙafa yana jan takalminsa a ƙasa, kowane dutse da taya ta taka ina jin sa har cikin haƙorana. Ba ni da ikon riƙe rigarsa, kunya ba ta bari ba. Ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi na kama da hannun hagu, shi kuwa ya ɗauki zafin rana har ya sale mini tafin hannu.

Amma ba ciwon karaya ne ya tsorata ni ba. Wani ciwo ne dabam ya taso, kamar ana hura hannun da famfo daga ciki alhali an hana shi wurin kumbura. Na san ko mene ne. Mun karanta shi a darasin kiwon lafiya, har zanen da ke shafin ina iya gani a idona: idan an ɗaure rauni, a riƙa duba yatsu, idan suka yi sanyi ko suka canza launi ko suka daina ji, a sassauta nan take. Sai na danna farcen babban yatsana na saki, ina jiran jini ya dawo. Ya dawo, amma a hankali. A kan tudu na farko, da muka sake hawa keke, na tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na yi wa Baba magana kai tsaye. Na ce masa ɗaurin ya matse da yawa, yatsuna sun fara mutuwa, a taimaka a sassauta. Bakina bai fi taki ɗaya daga kunnensa ba. Sai ya kaɗa ƙararrawar keke, alhali babu mutum ko akuya a kan hanyar. Na ce a raina iska ce ta ɗauke maganar.

Da muka fito kwalta a Maiyama muka tsaya jiran mota. Lokacin wahalar man fetur ne, motoci sun yi layi a gidajen mai sun kwana sun wuni. Wadda duk ta wuce, mutane har saman rufi. Muka zauna a inuwar wani shago har aka kira azahar. Da suka tafi masallaci suka bar ni da kekuna, na sa haƙori ina neman bakin robar. Ɗaurin Baba ne, ba ya ba da baki. Ina cikin haka Baffa ya dawo ya same ni, ya daka mini tsawa, wai so nake in gurgunta kaina, ƙashin da aka samu ya zauna zan tayar. Na ce masa a makaranta an koya mana cewa idan yatsu suka yi sanyi a sassauta. Ya kwashe da dariya ya kira mai shago ya zo ya ga likita, wai tun ba a ba ta takarda ba ta fara duba marasa lafiya, kuma da kanta ta fara. Ya ce shi ya ga karaya ta fi gashin kaina yawa, kumburi kuwa dole ne, ɗauri mai tsauri shi ne ɗauri. Baba yana tsaye yana matsa tayar kekensa da babban yatsa yana duba iska. Tayar ya duba. Na rantse da Allah, tayar ya duba.

Da suka ga mota ba ta samuwa, muka kama hanyar Jega a keke cikin tsakiyar zafin bazara. Kwalta ta yi laushi, iskar da ke bugun fuska kamar daga bakin murhu take fitowa. Hanyar ba a miƙe take ba kamar yadda mai mota yake zato. Hawa ne a hankali wanda ido ba ya gani sai ƙafa ta ji, sai gangara kaɗan, sai wani hawan. Rigar Baba ta jiƙe ta manne a bayansa, ina jin numfashinsa yana fita da ƙara. Ba zan ɓoye wannan ba, ya wahala a ranar, wahala ta gaske. Manyan motoci idan suka zo wucewa sai mu gangara gefen hanya cikin tsakuwa, su bar mu da hayaƙi. A wata gangara ƙaya ta huda tayar baya, muka zauna a gindin wata aduwa marar inuwa suna faci. Ruwan da muka ɗauko a gora ya kusa ƙarewa, ragowar ma da shi suka nemi inda tif ya huje. A nan na sake danna farcena. Wannan karon bai yi fari ba, bai yi ja ba. Yatsun sun kumbura sun yi kauri, launinsu ya koma kamar na ɗanyen baban rini. Na ciji ɗan ƙaramin yatsana da haƙori ban ji kome ba. Na sake cewa, a hankali, ina kallon ƙasa, don Allah a sassauta mini. Baffa ya ce wa Baba ya ji fa, gimbiyarsa tana kira, ya ajiye facin ya je ya yi mata fifita. Baba ya ci gaba da buga famfo.

A Jega, bayan mun haye gada, muka tsaya wurin wata mai fura, dattijuwa. Tana miƙo mini ludayi ta ga yatsuna, ta ajiye ƙwarya ta kama salati. Ta ce wa Baba, malam, wannan hannu ai ya mutu, a kwance shi mana. Na ji kamar in faɗa jikinta in yi kuka. Baffa ya ce mata, hajiya, ke dai dama furarki, ɗori ba aikin mai nono ba ne, Aliero ga ta nan kusa. Ta dubi Baba ta tambaye shi ko ba ɗiyarsa ba ce. Baffa ya riga shi amsawa, ya ce ta fari ce. Sai matar nan ta ce ayya, ta sunkuyar da kai, har da ba Baba haƙuri don ta sa shi jin nauyi. Ta juyo gare ni ta ce in daure, ta ga alama ni yarinya ce mai kunya da haƙuri, Allah ya yi mini albarka. Wannan yabo shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk tafiyar. Hannuna yana mutuwa a gaban manya uku, abin da suka gani abin yabo shi ne ban yi ihu ba.

Daga Jega zuwa Aliero ban ƙara magana ba. Ciwon ma ya lafa, kuma na san lafawarsa ba alheri ba ne, wannan ma yana cikin darasin. Ina zaune a kan kariya kamar buhun da aka ɗauka, ina kallon tsibin albasa a bakin gonaki, kowanne an yi masa rumfa an lulluɓe shi da kara don kada rana ta taɓa shi. Ƙafafuna sun yi tsami, bayana ya ƙage, ƙarfen kariya ya yanke mini cinya. Rana ta yi ja lokacin da muka shiga gari.

Mai ɗorin tsoho ne, ba ya son surutu. Ya ɗaga hannun ya duba, bai tambayi yadda na faɗi ba. Ya sa wuƙa ya yanke robar, ya ɗaga ta sama ya tambaya wane ne ya yi wa mutum ɗaurin buhu. Baffa, a karo na farko a wunin, ya sunkuyar da kai. Da jini ya nemi komawa hannun na yi ƙarar da na riƙe tun safe, amma ta zo a lokacin da ba ta da amfani. Robar ta bar zobe-zobe a fatata, tsakaninsu duk bororo. Tsohon ya gyara ƙashin, kuma ya gyara shi daidai, har yau ƙashin nan lafiyarsa lau. Amma ya gaya musu gaskiya a gabana, ya ce ƙashi aikinsa ne, naman da aka shaƙe tun safe kuwa ba shi da iko a kansa, su kai ni asibiti. Da aka kai ni, likita ya ce jijiyoyi da tsokar hannun sun daɗe babu jini, abin da ya mutu ya mutu.

Cikin 'yan watanni hannun ya motse, yatsun suka lanƙwashe zuwa tafin hannu kamar na mai riƙe da abin da ba ya son saki. Haka suke har yanzu da nake ba ku wannan labari. 'Yan ajinmu suka yi jarrabawa ina kwance. Na koma kamar 'yar aji ɗaya, ina koyon rubuta baƙaƙe da hannun hagu a kan ƙasa a bayan ɗaki, ina share su da ƙafa kada a gani. Sai bayan shekara biyu na zauna jarrabawar, na ci gwargwado, ban kai inda malamaina suka sa mini rai ba, domin hagu ba ta da sauri kuma lokaci ba ya jiran kowa a ɗakin jarrabawa. Yau ina koyarwa a firamare. Na gode wa Allah. Amma yara sukan tambaye ni abin da ya sami hannuna, kuma na gaji da ce musu faɗuwa na yi.

Domin ba faɗuwa ce ta yi mini wannan ba. Masu zuwa dubiya kowa ya ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma na ga hannun da ya ja robar, na ji bakin da ya yi dariya. A ƙauye kuwa labarin da ya bazu shi ne na jarumtar Baba, yadda ya goya yarinya a keke tun daga bayan Maiyama har Aliero cikin zafin bazara. Babu mai ambaton roba. Ni ma ina da nawa kason na nadama. Na san abin da ke faruwa da hannuna fiye da kowa a wurin, amma na faɗe shi da muryar mai roƙon gishiri. Da na diro daga keken nan na zauna a tsakiyar kwalta na yi ta kururuwa har mutane su taru, da an ce ba ni da kunya, da kuma yau ina da hannu. Ina kira ga iyaye, ku ji nauyin 'ya'yanku na fari a wurin suna da wurin biki idan kuna so, amma ranar ciwo ku dube su da idanunku. Ina kira ga masu barkwanci su san cewa akwai mutanen da tsoron bakinsu ya fi ƙarfin hankalinsu. Duk wanda zai ɗaure karaya kafin a kai ga masu gyara, ya bar yatsu a waje, ya riƙa duba su, kada kuma ya kusanci roba. Ku kuma 'yan mata masu shiru irina, idan jikinku ne ke cikin haɗari, ku ɗaga murya.

Shekaru da yawa ina riƙe da uzuri guda ɗaya da nake ba Baba. Ina cewa bai ji ni ba. Iska ce, ƙarar taya ce, gajiya ce, muryata ce ƙarama. Da wannan uzurin nake iya gaishe shi da safe. Bara, bayan Baffa ya rasu, Baba ya kwanta ciwon ƙafa, na je jinyarsa. Wata rana da hantsi ina shafa masa magani da hannun hagu, daga ni sai shi a ɗakin, na ga yana satar kallon ɗaya hannun. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na tambaye shi ko ya tuna tudun farko bayan an fita ƙauye, inda ya kaɗa ƙararrawa. Na ce ina so in sani ne kawai, ya ji abin da na ce a ranar ko bai ji ba. Ya daɗe yana kallon bango, irin kallon da na sani tun ina ƙarama. Ina ta addu'a a zuciyata ya ce bai ji ba.

Ya ce, “Na jiya. Duk abin da kinka ce na jiya. Yaya na biye da mu.”